Motocin Kawu da kamfanin da bai mutu ba

Bayan sadakar arba'in ɗin kawuna, Allah ya jiƙansa, aka tara mu a zauren gidansa na Aboabo kan maganar gado. Malam ya zo da takardarsa da biro, 'ya'ya maza sun jeru kan tabarma, mata suna ciki ana kai musu magana ana kawowa. Kawu mutumin mota ne, fiye da shekara talatin yana ɗaukar goro da katako daga nan Kumasi ya yi arewa ya dawo da albasa da shanu, ya rasu ya bar tirela biyar da shagon kayan gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai ta Suame. Kowa a zauren nan ya riga ya gama rabo a zuciyarsa, wane zai ɗauki wannan, wance a sayar da waccan a ba ta kuɗi. Sai loyan da babban ɗan ya kawo, saboda banki sun hana a taɓa akawun, ya buɗe fayil ya ce uku daga cikin motocin nan ba na Alhaji ba ne. Zaure ya yi tsit. Babban ɗan ya ce to na wane ne? Loya ya ce na kamfani ne. Ya ce kamfanin ba na Baba ba ne? Loya ya ce hannun jarin kamfanin shi ne na Alhaji kuma shi za ku gada, amma motocin na kamfani ne, kamfani kuwa bai mutu ba.

Malam ya ajiye biro ya ce, "Loya, a fahimtar da ni don Allah, abin da ba shi da rai ba shi da numfashi, ta yaya yake mallakar dukiya?"

Wallahi tambayar nan ba ta bar ni na yi barci ba, kuma da na shiga karance-karance sai na tarar ashe ita ce malaman shari'a na jami'o'in duniya suke ta gardama a kai fiye da shekara ɗari, har yau ba su gama ba. Menene kamfani, na wane ne, wa yake juya shi, kuma wa zai tambayi mai juyawar. Mu nan zango muna ganin kamar maganar masu kwat ce a Ankara, alhali ita ce ke cinye mana dukiyar iyaye duk bayan mutuwa, ita ce kuma ta cinye ajiyar mutane da yawa a 2017 zuwa 2019.

Bara in fara da wani mai takalmi. A Landan akwai wani Aron Salomon, ya daɗe yana ɗinka takalman fata da sunansa, a 1892 ya mai da sana'ar kamfani. Doka a lokacin tana son mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗai-ɗai, shi ya riƙe 20,001 cikin 20,007. Bai tsaya nan ba, da ya sayar wa kamfanin tsohuwar sana'arsa sai aka rubuta masa takardar bashin fam 10,000 da jinginar kadarorin kamfanin, ka ga ya zama shi ne mai jari, shi ne darakta, shi ne kuma mai bin bashi na gaba-gaba. Kasuwa ta juya, kamfani ya karye, waɗanda suka ba da kaya bashi suka ce ai wannan yaudara ce, Salomon da kamfanin abu ɗaya ne, ya biya mu daga aljihunsa. Kotu biyu na ƙasa suka ba su gaskiya. Da aka kai Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, sai ta juya hukuncin, ta ce tunda an yi rajista yadda doka ta ce, kamfani mutum ne daban a idon shari'a, bashinsa nasa ne. Hukuncin nan da ake kira na 1897 shi ne tushen abin da loya ya faɗa mana a zaure, kuma Kotun Ƙoli ta Ghana ta bi wannan hanya a shari'ar Morkor da Kuma a ƙarshen shekarun 1990, cewa ba a kama darakta da bashin kamfani haka kawai sai in an ga zamba ko wani dalili mai ƙarfi irinta.

Na san inda zuciyar ɗan zango za ta tsaya a nan, domin tawa ma ta tsaya. Mu da a wurin jana'iza liman ke tashi ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, mu da muka tashi da hadisin cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa sai an biya, yaya za a ce mana mutum ya ci bashi da sunan wata takarda ya koma gida ya kwanta? Malaman fiƙihu na zamani sun zauna kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta ce babu laifi a kafa kamfanin da alhakinsa ya tsaya iya jarinsa, hujjarsu ita ce duk mai hulɗa da shi ya san da haka tun farko, to babu ruɗi. Wasu kamar Mufti Taƙi Usmani sun kawo misalin waƙafi da baitulmali, dukiya ce da take saye take sayarwa take cin bashi alhali ba ta wani mutum ɗaya ba ce. Masallacin unguwarku ma haka yake, yana da fili yana da shaguna ana karɓar haya, liman ya rasu 'ya'yansa ba sa gadon shagunan. Da aka kawo wa Malam wannan misali ranar nan sai ya gyaɗa kai. Amma ku lura da sharaɗin, sai mutane sun sani. Shi ya sa doka ta tilasta a manna kalmar limitad a jikin sunan kamfani, gargaɗi ce ga mai ba da bashi, kuma shi ya sa ake son a kai lissafi ofishin rajista duk shekara.

To me ya sa ma ake da kamfani tun farko? Wannan tambayar wani Bature Ronald Coase ya yi ta a 1937 yana saurayi, amsar da ya bayar tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1991, kuma duk wanda ya taɓa kai mota Magazin ya riga ya san rabin amsar. Ka shiga Suame da motar da ta yi hatsari, makanike daban, welda daban, mai fenti daban, mai waya daban, mai kujeru daban, kowa masta ne a rumfarsa, kowa sai ka yi ciniki da shi, kowa sai ka bi shi ka tsaya a kansa, wannan ya ce gobe wancan ya tafi jana'iza ƙauye. Babu mai gida ɗaya, farashi ne ke haɗa su. A wani gefen kuma ga babban gareji inda duk waɗannan ma'aikata ne na mutum ɗaya, manaja ya ce yi kaza a yi, babu ciniki. Coase ya ce shiga kasuwa kanta tana da tsada, neman wanda ya iya, ciniki, tsaron kada a cuce ka, rigima in an saɓa, duk kuɗi ne da lokaci. Inda wannan wahala ta yi yawa sai mutum ya ɗauki ma'aikata ya tara su ƙarƙashin umarni ɗaya, shi ne kamfani. In kuma kamfanin ya yi girman da mai shi ba ya iya ganin abin da ke faruwa, ɓarna ta fi ribar, sai a koma kasuwa. Kawu bai taɓa jin sunan Coase ba amma da ya gaji da direbobin haya da ke sauke masa goro a hanya ya bushe, ai motarsa ya saya ya sa yaronsa.

Kuma kada wani ya ce mana kakanninmu ba su san tsari ba. Fataken Gwanja da suke zuwa Salaga sayen goro daga hannun Tonawa, wato Ashanti, suna da madugu, suna da jagaba, suna da uban dawaki, kowa da aikinsa, ayari guda na tafiya wata da watanni. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawa suka watsu zuwa Kete Karachi da nan Kumasi da sauran zangogi. Alhassan Ɗantata ma da goron ƙasar nan ya fara ƙarfi, yana tura shi ta jirgin ruwa zuwa Legas. A harkar shanu kuma akwai maigida mai masauki, baƙo ya kawo garke daga arewa ya sauka gidansa, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya. Wata Baturiya Polly Hill ta yi rubutu kan wannan tsari da mahautan Kumasi a 1966. Tsari ne mai kyau ƙwarai wanda ya yi aiki babu kotu babu takarda, sai dai duk jarinsa sunan mutum ɗaya ne da amanarsa, ranar da aka kai maigida makwanci baƙi sai su nemi wani masaukin. Haka tarayya da ƙiradi (wani ya ba da jari wani ya juya shi a raba riba) a fiƙihunmu, yarjejeniya ce tsakanin mutane rayayyu, mutuwa na iya warware ta, dukiya ta tafi gado. Wani masani Timur Kuran ya yi dogon bayani cewa wannan na cikin abin da ya hana kasuwancin ƙasashen Musulmi tara jari mai tsawon rai kamar na Turai, akwai masu ja da shi sosai, ni ma ban yarda a ɗora wa rabon gado laifi ba domin hannun jari ma ana raba shi daidai yadda Allah ya ce ba tare da an yanka mota gida bakwai ba. Amma abin da ya gani gaskiya ne, ku ƙirga manyan Alhazan da kuka sani a Sabon Zango da Yalwa da Akwatia Layin waɗanda sana'arsu ta kai hannun jikoki tana tsaye.

Nan ne nake ganin wasu malamai biyu na Amurka, Henry Hansmann da Reinier Kraakman, suka taɓo ainihin wurin a rubutunsu na shekarar 2000. Kowa in an ce limitad abin da yake tunani shi ne katangar da ke kare gidan mai jari daga masu bin kamfani bashi. Su suka ce ɗaya fuskar katangar ta fi muhimmanci, wato wadda ke kare dukiyar kamfani daga mai jarin kansa, da masu binsa bashi, da magadansa. In ɗan Kawu ya ci bashin aure ya kasa biya, mai bin bashin zai iya bin hannun jarinsa amma ba zai je tasha ya kama tirelar kamfani ba. In 'yar Kawu tana son kuɗinta za ta sayar da rabonta, mota na nan tana aiki. Wannan kariyar ba ka iya ƙulla ta da yarjejeniya tsakaninka da abokinka, domin ta shafi mutanen da ba su sa hannu ba, doka ce kaɗai ke iya ba ka ita. Waccan fuskar ta farko kuwa ga ƙaramin ɗan kasuwa sau da yawa suna ce kawai, je ka banki neman bashi da sunan kamfaninka ka gani, sai sun sa ka tsaya lamuni da kanka, wani lokaci har da takardar gidanka.

Matsalar Kawu, Allah ya gafarta masa, ita ce ya gina katangar sannan ya riƙa tsallaka ta kullum. Kujerar Makka daga akawun ɗin kamfani, kuɗin makarantar yara daga nan, gudummawar biki daga nan, in kamfani ya rasa kuɗin taya kuma ya ciro daga aljihu ya zuba babu rubutu. Mota uku da sunan kamfani, biyu da sunansa, shagon Magazin kuwa rajistar sunan kasuwanci kawai gare shi, irin ta dokar 1962, wadda ba ta raba ka da sana'arka ko kaɗan, kai ne ita ita ce kai. Mutanenmu da yawa suna riƙe da wannan satifiket suna cewa suna da kamfani. Sannan doka ta ce kamfani sai da darakta aƙalla biyu, to da aka duba takarda darakta ta biyu Hajiya Babba ce, uwargidansa, wadda ta ce ita dai ta tuna wata rana Alhaji ya kawo mata takarda ta dangwala hannu. Shekara goma sha wani abu tana darakta ba ta sani ba, alhali a idon doka amana ce a wuyanta.

Wannan ya kawo mu rabi na biyu na gardamar, wato wa ke juya dukiyar kuma don wa. Tun 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya ce masu kula da kuɗin wasu ba za su tsare shi kamar nasu ba. A 1932 Adolf Berle da Gardiner Means suka duba manyan kamfanonin Amurka suka ga masu jari sun yi yawa sun watsu, kowa da ɗan ƙaramin rabo, babu mai iko a cikinsu, manajoji ne ke riƙe da linzami. A 1976 Michael Jensen da William Meckling suka sa wa abin lissafi, suka ce duk lokacin da ka wakilta wani akwai asarar da ba makawa, ko dai abin da zai karkatar, ko abin da za ka kashe wurin sa masa ido. Duk wanda ya taɓa barin yaro a shago a kasuwar Kejetia ya tafi Hajji ya san wannan karatun. Su a wurinsu kamfani ba wani mutum ba ne, tarin yarjejeniyoyi ne tsakanin masu jari da ma'aikata da masu ba da bashi da masu kawo kaya, kuma tunda mai jari shi ne na ƙarshe a layin karɓa, sai kowa ya samu sannan ya kwashi saura, to shi ya kamata daraktoci su yi wa aiki.

Shari'ar da masu wannan ra'ayi ke yawan kawowa ita ce ta Henry Ford, mai kamfanin ƙera motoci na Amurka. Ya tara riba mai yawa ya ce ba zai ƙara raba ta musamman ba, zai faɗaɗa masana'anta ya rage kuɗin mota ya ɗauki ƙarin ma'aikata. 'Yan uwa biyu, John da Horace Dodge, masu kashi goma cikin ɗari, suka kai shi kotu, a 1919 Kotun Ƙolin jihar Mishigan ta ce ana kafa kamfani ne da farko don ribar masu jari, ta sa aka raba kusan dala miliyan 19, amma ba ta hana shi gina masana'antar ba. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya ƙara wa ra'ayin ƙarfi a 1970 da ya rubuta cewa aikin kamfani ga al'umma shi ne ya ƙara riba cikin bin doka.

Ɗaya ɓangaren kuma tun 1932 Merrick Dodd na Harvard ya ja da Berle, ya ce daraktoci amintattu ne na kamfanin gaba ɗaya har da ma'aikata da jama'a. A 1999 Margaret Blair da Lynn Stout suka dawo da maganar da sabon ƙarfi, suka ce dukiyar kamfani aikin gayya ce, mai kuɗi ya zuba kuɗi, ma'aikaci ya zuba shekarunsa da ƙwarewar da ba za ta yi masa amfani a wani wuri ba, aikin daraktoci shi ne su tsaya tsakani kada wani ya kwashe na wani. Stout har cewa ta yi masu jari ba su mallaki kamfani ba, hannun jari suka mallaka, kuma in kun lura wannan ita ce maganar loyanmu a zaure kalma da kalma. Ni a nan zuciyata ta fi karkata, saboda akwai wani direban Kawu da ya shekara ashirin da biyu a kan hanyar Bolga, shi ya san kwastomomi, shi ya san wane shinge ake tsayawa, gwiwarsa ta lalace a kan kulochi, ranar rabo ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. A lissafin gado ba shi da komai kuma haka ne, amma a ce kamfanin da ya tsufa a ciki ba shi da wani haƙƙi a kansa da ya wuce albashin wata, wannan ban iya haɗiye shi ba. Duk da haka ina ganin ƙarfin maganar ɗaya ɓangaren, domin darakta da aka ce yana yi wa kowa aiki yana iya fakewa da haka ya ƙi amsa tambayar kowa, in masu jari suka matsa ya ce ma'aikata yake dubawa, in ma'aikata suka matsa ya ce masu jari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Ghana ta riga ƙasashe da dama a wannan fage. Zamanin Nkrumah aka ɗauko Farfesa Gower daga Landan, ya miƙa rahotonsa a 1961, daga ciki aka yi dokar kamfanoni ta 1963, mai lamba 179. Sashe na 203 ya ce darakta ya yi abin da ya fi zama alheri ga kamfanin gaba ɗayansa, kuma yana iya duba maslahar ma'aikata tare da ta masu jari. Ingila da aka ɗauko malamin daga can sai daga baya ta sa irin wannan a dokarta, cikakken fasalin da ake ambato yanzu kuwa na dokarsu ta 2006 ne. Dokarmu ta yi shekara 56 kafin a maye ta da ta 2019, mai lamba 992, wadda ta ƙara cewa darakta ya duba abin da hukuncinsa zai haifar nan gaba da tasirinsa kan jama'a da muhalli, ta ware ofishin rajistar kamfanoni ya tsaya da kansa, ta tilasta a bayyana ainihin mutumin da ke cin moriyar kamfani ko da sunan wani ne a takarda, ta kuma ba ƙaramin mai jari hanyar neman izinin kotu ya yi ƙara da sunan kamfani in daraktoci sun ci amana.

Doka mai kyau a takarda ba ta hana abin da ya faru da bankuna ba. A Agustan 2017 Babban Bankin Ghana ya karɓe lasisin bankunan UT da Capital ya miƙa ajiyar mutane ga bankin GCB. A Agustan 2018 aka haɗa guda biyar, uniBank da Royal da Beige da Sovereign da Construction, aka yi Consolidated Bank. Janairun 2019 Premium da Heritage suka bi. A watan Mayu na shekarar aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, a Agusta na ajiya da lamuni da makamantansu 23, a Nuwamba hukumar kasuwar hannun jari ta soke na masu juya kuɗi 53. Abin da gwamnati ta kashe ya haura sidi biliyan 20, kuɗin harajin mai sayar da koko da mai tura kaya a Kejetia. Dalilan da Babban Banki ya yi ta maimaitawa a sanarwoyinsa su ne jari bai kai ba, bashin da ba ya dawowa, rance ga masu bankin da kamfanoninsu da makusantansu, da daraktocin da ba sa tsawatawa. Wasu daga cikin masu bankunan sun ƙalubalanci matakin a kotu, wannan tsakaninsu da alƙalai ne. Ni abin da ya tsaya mini shi ne cutar da aka bayyana iri ɗaya ce da ta Kawu, mai kamfani ya ɗauki asusun kamfani aljihunsa, daraktoci sun zama masu dangwala hannu, bambancin kawai Kawu kuɗinsa ne da na iyalinsa, banki kuwa yawancin kuɗin da ke cikinsa na masu ajiya ne, mata masu susu, wato adashi, da 'yan fansho.

Kuma wannan ya nuna karatun Berle da Means ba ya zama daidai a kanmu in an kwafo shi yadda yake. Su matsalarsu manaja mai ƙarfi da masu jari marasa ƙarfi. Mu tamu mai jari ɗaya ne babba wanda shi ne ciyaman, shi ne manaja ko ɗansa ne, shi ya zaɓi daraktoci daga abokansa da surukansa, shi ke biyan odita. Wanda ke bukatar kariya a nan shi ne ƙaramin mai jari, da mai ajiya, da ma'aikaci, da marayan da aka bar wa kashi biyar cikin ɗari. Umarnin da Babban Banki ya fitar a 2018 ya nufi nan, ya raba kujerar ciyaman da ta manajan darakta, ya sa wa shugaban banki iyakar shekara 12, ya nemi daraktoci masu zaman kansu, an kuma ɗaga mafi ƙarancin jari daga sidi miliyan 120 zuwa 400. Sai dai ni na san al'adarmu, kuma ba zango kaɗai ba har Tonawa, yaro ba ya duban idon babba ya ce Alhaji kawo rasit. Darakta mai zaman kansa da ke jin kunyar wanda ya naɗa shi, me ya rage na zaman kan? Mun mai da tambaya rashin kunya, mun mai da lissafi zargi, alhali mu ne muke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Wanda ya karɓi kariyar limitad daga hannun hukuma ya karɓe ta ne da sharaɗin zai buɗe littafi, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

A gidan Kawu an kai kusan shekara ana kai ruwa rana. Motoci biyun da ke da sunansa da shagon Magazin aka yi musu kuɗi aka raba yadda Malam ya lissafa, shagon yanzu wani ne a ciki. Hannun jarin kamfanin ma Malam ne ya raba shi, tumunin matan aka fitar, saura namiji rabo biyu mace ɗaya, loya ya kai sunaye ofishin rajista aka biya tarar shekarun da ba a kai lissafi ba. Hajiya Babba ta ce a cire sunanta ita ba ta iya wannan ɗawainiya ba, aka naɗa babban ɗan da wata ƙanwarsa da ta yi karatun akanta a jami'ar Legon, aka roƙi wani dattijo tsohon ma'aikacin banki da ba dangi ba ya zama na uku. Rigima ta farko da aka yi ita ce ranar da babban ɗan ya aika a ciro masa kuɗin ragon suna daga akawun, ƙanwar ta ce Yaya sai dai a rubuta shi bashi a kanka ko a jira rabon riba, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta. Biyu daga cikin ƙannen sun sayar wa 'yan uwa rabonsu sun tafi. Tsohon direban an yanka masa wani abu duk wata, dattijon ne ya kawo maganar, aka rubuta ta a littafin taro. Bayan sallar layya da ta wuce aka yi taron shekara na farko a zauren nan dai, matan ma suka fito suka zauna, ƙanwar ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kuɗin taya da na shinge, motoci ukun biyu suna hanyar Bolga a ranar, ɗaya tana Magazin ana sauke mata giya.